Jikin Rekiya Ya Yi Tsanani

Rabon Ashiru tela da hawa keke tare da abokansa tun tsakiyar damina, tun ranar da likita ya ce ƙodar matarsa Rekiya ta kusa daina aiki. Su kuwa abokan ba su fasa ba. Da ɗari ya shigo, kowace Asabar sai su haɗu a bakin tashar Karaye, su miƙa hanyar Rogo ko ta Yola, duk inda ƙafa ta kai su, su sha shayi su juyo. Ba tsere suke yi ba, ba kuma wata ƙungiya ce mai riguna iri ɗaya ba. Magidanta ne kawai da tumbi ya fara yi wa sallama, wani malamin asibiti ya tsorata su da hawan jini, kowa ya je ya kakkaɓe tsohon kekensa.

Wannan Asabar ɗin Rekiya ce da kanta ta kore shi. Ta tashi da ɗan sauƙi, ta sha kunu, har ta jingina da bango. Ta ce ya ishe ta da kallo, kullum yana zaune a gefen katifa kamar mai gadi, ya fita ya sha iska, ai ga Mubina nan. Mubina ita ce babbar 'yarsu, wadda ta ajiye karatunta a Kano ta dawo jinyar uwarta. Ashiru bai yi musu ba. Ya daɗe da daina musu, ya ma daɗe da daina jin komai a ransa. In an ce ci ya ci, in an ce tashi ya tashi. Ya bar wa Mubina wayarsa saboda tata ta lalace, ya sa hular sanyi, ya jawo keken daga zaure.

Sulle ne ya fara hango shi a tasha. Taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, kuma tun suna yara bai taɓa kiran sa da sunansa na yanka ba. Gobe-da-safe yake ce masa, wai don duk wanda ya je karɓar ɗinki amsar da yake samu ke nan. Rekiya kuwa "matata" yake ce mata, ya rantse aro ya ba Ashiru. Ya tare shi da tsiya, wai mutum ya sauka daga keken ɗinki ya hau keken hawa, ƙafafun nan ko ranar Sallah ba su san hutu ba. Aka yi dariya. Malam Ja'afar, malamin firamare ne mai nauyin baki, shi ne ya tambayi mai jiki. Ashiru ya ce da sauƙi, aka ce Allah ya ƙara sauƙi, aka hau.

Sanyi yana cizon yatsu a kan ƙarfen birki. An gama girbi, gonaki duk sun zama fili, sai karan dawa da aka tattara da shanu suna kiwo a tsakani. A fadama masu noman rani sun tattare wanduna suna ba tumatir ruwa. Abokai suna ta surutu a kan farashin taki da wasan ƙwallon jiya, wani sarƙarsa ta zame aka tsaya ana yi masa ba'a. Ashiru yana tsakiyarsu yana taka feda. Yana ganin komai, yana jin komai da kunne, amma babu abin da ya shige shi. Ya yi tsammanin iskar za ta yi masa daɗi. Ba ta yi masa daɗi ba, ba ta kuma dame shi ba.

Da hantsi suka isa Jajaye, suka jingine kekuna a jikin dalbejiya, suka cika bencin mai shayi. Ana cikin soya ƙwai wayar Sulle ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe ya koma gefe yana toshe ɗaya kunnen da yatsa, don a wajen nan sabis sai an yi ta neman sa. Ya ce "Na'am? Na'am?" ya ɗan saurara, sai kiran ya yanke. Ya daɗe a tsaye yana kallon wayar kafin ya dawo, kuma da ya dawo bai zauna ba.

"Malam Ashiru," in ji shi, "Mubina ce. Ta ce jikin Rekiya ya yi tsanani. Gara mu juya."

Abokai suka ajiye kofunansu. Mai shayi ma ya rage wutar risho.

Mu dai haka muke. Ba a gaya wa mutum rasuwar nasa yana kan hanya, kada ya faɗi, kada ya ruɗe ya faɗa wa mota. Sai a ce masa jiki ya yi tsanani, ya zo gida. Kowa ya san ma'anar, har wanda ake ɓoye wa, amma ana faɗa ana karɓa, a lallaɓa juna har ƙofar gida. Ashiru da bakinsa ya taɓa gaya wa Malam Ja'afar haka a makaranta, ranar da mahaifin Malam Ja'afar ɗin ya cika. To balle yau da Sulle, Sulle fa, ya kira shi Malam Ashiru, ya kuma ambaci Rekiya da sunanta. Bai buƙaci a ƙara masa ko kalma ɗaya ba.

Ya jira kuka ya zo, ko faɗuwar gaba, ko wani abu dai. Babu abin da ya zo. Ya dubi kofin da ke hannunsa, ya ga da sauran shayi, ya shanye.

Yana ɗaure ƙafar wandonsa ya hangi Sulle ya juya baya yana danne maɓallin wayarsa har ta mutu. Ya gane dalili. Yanzun nan 'yan ta'aziyya za su fara kira, kuma Sulle ba ya so a yi ta amsa "amin, amin" a kunnensa. Sauran ma ɗaya bayan ɗaya suka zura hannu cikin aljihu. Malam Ja'afar ya matso ya ce ko a tsayar masa da ɗan acaɓa ya wuce gaba, su sa taho masa da keken. Ashiru ya girgiza kai.

"A bar shi. Da keken na zo."

Sulle ya yi wa Malam Ja'afar ido, ya ce da shi ƙasa-ƙasa a ƙyale shi ya hau, gara jikinsa ya sami abin yi, ai duk yadda aka yi ba za a fita da ita ba sai bayan la'asar. Ashiru ya ji, ya yi kamar bai ji ba.

Suka kamo hanyar gida. Babu wanda ya ƙara maganar taki. Suka sa shi a gaba, su suna biye, in ya rage gudu su rage, ba mai wuce shi. Shi kuwa ya rage ƙwarai. Lissafinsa ɗaya ne, ko da yake bai tsara shi da kalmomi ba: muddin yana kan hanyar nan, babu wanda ya ce masa ta rasu. Jiki ne ya yi tsanani. Mace mai tsananin jiki tana nan kwance a ɗaki, an rufa mata bargo, kofin kununta na gefe. Da zarar ya sha kwanar layinsu ya ga tabarmi a shimfiɗe da mutane a zazzaune, shi ke nan, ta tafi. Don haka yake taka fedar a hankali, yana ja wa hanyar tsawo.

A wata gangara da yara ma kan saki birki su sulala, shi riƙe nasa ya yi. A hawa kuwa ya sauka ya tura, duk suka sauka suka tura. Motocin rake suna wuce su, babura suna wuce su, wani tsoho da buhun gyaɗa a bayan kekensa shi ma ya wuce su ya yi sallama, suka amsa. Ashiru ya tsinci kansa yana tunanin wata riga da bai sa wa aljihu ba, mai ita zai zo ran Litinin. Ya ji kunyar tunanin, kunyar ma ba ta yi nisa ba ta wuce. Ya gwada tuno fuskar Rekiya ta da, kafin ƙafafu su kumbura, bai samu ba. Abin da ya samu shi ne muryarta ta ɗazu tana cewa ya ishe ta da kallo.

Rana ta take, sanyi ya saki, aka cire huluna aka cusa a aljihu. Sulle ya matso kusa da shi sau ɗaya, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce masa tayarsa ta baya ta ɗan yi sanyi. Ashiru ya tsaya. Aka fito da famfo aka ƙara mata iska, ko da yake duk sun san tayar za ta kai gida a haka.

Saura kaɗan su shiga gari aka kira azahar a wani ɗan masallaci na bakin titi. Ashiru ya karkata kan kekensa ya nufi wajen. Wa zai hana mai makoki salla? Suka yi alwala, suka jira liman, suka bi jam'i. Bayan an sallame ya zauna ya daɗe, hannuwansa a kan cinya. Ya so ya roƙa mata gafara, harshensa ya ƙi, domin roƙon gafara na wanda ya tafi ne. Ya so ya roƙa mata sauƙi, ya ga wautar hakan. Sai ya zauna kawai yana kallon saƙar tabarma, abokansa suna tsaitsaye a waje cikin haƙuri, kowa yana ganin kyautatawa yake yi masa.

A cikin Karaye mutane suna harkokinsu. Mai nama ya ɗaga masa hannu, wata mata ta tsayar da shi za ta tambayi ɗinkinta, Sulle ya kore ta da ido. Ashiru ya ce a ransa labarin bai gama zagawa ba ke nan. Ya sha kwanar layinsu kansa a sunkuye, sai da ya zo daf da gida ya ɗago.

Babu tabarma. Babu benci, babu takalma a ƙofar zaure. Yaran maƙwabta suna wasan langa, akuya tana cin ɓawon rake a bakin kwata. Ya sauka yana riƙe da keken, ya waiwaya ya dubi Sulle, Sulle ma shi yake kallo. A daidai lokacin kuka ya tashi daga cikin gida, muryar mace ɗaya, sabon kuka wanda yanzu aka fara shi. Yaran suka tsaya cak.

Bai san sa'ad da ya saki keken ba. A tsakar gida ya ci karo da Mubina ta fito daga ɗaki ba mayafi, cokali a hannunta.

"Baba, ina kuka tsaya?" ta ce. "Tun da hantsi na gaya wa Baba Sulle jikinta ya yi tsanani. Na yi ta kira, duk wayoyinku a kashe."

"Tsanani kika ce."

"Ai tsananin ya yi. Tana ta tambaya ko ka iso. In ta ji motsi a zaure sai ta ce in leƙa. Da aka kira salla ma ta ce yanzu za ka shigo." Ta dubi cokalin da ke hannunta. "Yanzun nan fa, Baba. Ruwa nake ba ta."

A bayansa ya ji Sulle yana salati, ya ji ya zube a bakin zaure. Ashiru bai juya ba. Ya cire takalmansa ya jera su a bakin ƙofa kamar kullum, ya ɗaga labule ya shiga. Tana kwance ta gefen dama, fuskarta tana kallon ƙofa, leɓenta da danshin ruwa. Ya zauna a wurinsa na gefen katifa, ya kama hannunta. Da ɗuminsa.

"Rekiya," ya ce, "na iso."