Tarakta Ya Saci Gida

A garinmu Tarakta ake ce mini, kuma saboda guduna ne. Tun ina saurayi, in na doki ƙwallo na kama hanyar zango na ɗaya, 'yan kallo kan je su sayo giya su dawo su tarar ina kan hanya. Ainihin sunana Gordon Hemmesch, amma matata Marlys kaɗai ke kirana da shi, shi ma sai in na yi laifi.

Shekara ashirin da shida na yi ina buga wa ƙungiyar besbol ta garinmu wasa, kowace Lahadi bayan an taso daga coci. Wasa ne da ake jefo maka ƙwallo ka doke ta da sanda, ka zaga zango uku ka dawo gida, wato inda ka fara. Dukanmu manoma ne masu shanun tatsa, don haka dole a tashi wasa kafin ƙarfe biyar. A Agustan 1994 ina da shekara arba'in da huɗu. Likita ya duba gwiwoyina ya girgiza kai, Marlys kuma ta sa na yi mata alkawari a gabansa cewa wasan ƙarshe na wannan kakar shi ne na ƙarshe a rayuwata. Na yi alkawarin, amma a raina akwai abu ɗaya da ban gama ba.

A jikin rumfar da ake soya hamburga a bakin filinmu akwai wani farin allo mai sunaye huɗu da jan fenti. Su ne kaɗai suka taɓa satar gida tun da aka kafa ƙungiyar, kuma na ukunsu babana ne, Alois Hemmesch, 1951. Satar zango na biyu kowane mai ƙafa yana yi. Satar gida kuwa sai ka kai zango na uku, sannan maimakon ka jira ɗan ƙungiyarku ya doki ƙwallo ya kawo ka, ka ruga da kanka ka yi tsere da jifan, ka taɓa farantin gida kafin mai cafka ya taɓa ka da ƙwallo. Ƙafa casa'in ce kacal. Ba a sa suna a allon sai littafin wasa, inda ake rubuta duk abin da ya faru a fili, ya shaida, littafin kuwa shekara ashirin da biyu yana hannun Marlys. Ina son ganin sunana ƙarƙashin na babana, so na gaske, irin wanda mutum ke jin kunyar faɗa.

A baki dai ba wanda ya kai ni sanin aikin. Duk bayan wasa sai na tara matasa a mashaya in karanta musu. Ka nemi mai jifa bahago, don bahago baya yake ba zango na uku. Ka lura da tsawon lokacin da yake ɗauka yana ɗaga ƙafa kafin ya saki ƙwallo. Mai sandan da ke tsaye a gida ya zama mai duka da dama, jikinsa ya tare wa mai cafka ganinka. Kuma lallai ka yi masa alama kada ya kai duka, in ba haka ba kanka zai ɗauka a maimakon ƙwallo.

Lonnie Buermann, wani ƙaton maƙwabcinmu da ba ya barin jifa ya wuce bai kai masa duka ba, shi ke katse ni kullum.

“Kai Tarakta, rufa mana baki. Kai da ɗan maraƙi ya tsere maka a cikin garke, kai ne za ka tsere wa ƙwallo?”

“Ai ba ƙafa ba ce, Lonnie, kai ne. Shi ya sa ba za ka gane ba.”

Ranar wasan ƙarshe mutanen tsallaken tafki ne suka zo mana, da mai jifansu, wani yaro bahago ɗan gidan Pfannenstein. Muka kai zagaye na tara, na ƙarshe, uku da uku, an fitar da mutum biyu daga cikinmu, saura ɗaya mu rasa damar. Na shiga na doki ƙwallo, ta yi tsalle ta faɗa cikin masarar da ke bayan shinge, doka ta ba ni zango biyu ba tare da na yi gumi ba. Daga nan hannun yaron ya mutu. Ya yi wa na bayana jifa huɗu duk a karkace, aka ba shi zango na ɗaya kyauta, kamar yadda doka ta ce. Ya sake yi wa na bayansa haka, sai aka tura kowa gaba, na tako zuwa zango na uku ina tafiya kamar mai zuwa duba akwatin wasiƙa. Zango uku duk suka cika. Lonnie ya shigo da sandarsa.

Elroy, shugaban ƙungiyarmu, yana tsaye gefena. Ya matso ya ce, “Tarakta, ka tsaya nan kamar dasa ka aka yi. Yaron nan ya ƙare, da kansa zai kai ka gida.”

Na gyaɗa kai, amma wallahi ban ji shi ba. Idona yana kan yaron. Bahago ne, ya ba ni baya. Da yake zango duk a cike suke, bai ga wanda zai yi masa sata ba, sai ya koma doguwar ɗaga ƙafar nan tasa, har yana kai gwiwa ƙirji yana tsayawa kamar zalɓe. Lonnie kuma mai dama ne, faɗinsa ya kai ƙofar rumbu. Duk abin da na shekara ina faɗa a mashaya ga shi an jera mini.

Jifa na farko na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ƙwallo ta bar hannunsa. Na biyu ma huɗu. Na uku na ɗan ƙara nisa daga zango, ba wanda ya kula, don wa zai tsare Tarakta? Na huɗu na ƙara taku biyu. Ban yi wa Lonnie alama ba, saboda na san shi, dariya zai fashe da ita ya tona ni. Ina ta ƙirga ɗaga ƙafa, ban ƙirga jifan kansa ba, ban san nawa suka tafi daidai nawa suka karkace ba. Duk filin, har 'yan matan rumfar hamburga, sun san uku sun riga sun karkace. Ni kaɗai ne ban sani ba.

Da yaron ya ɗaga ƙafa karo na biyar sai na tashi.

Ban taɓa gudu irin na ranar ba, kuma na san ko shi ba abin nuna wa baƙo ba ne. Hulata ta faɗi, tumbina yana gaba ina biye da shi. Na ji Elroy a bayana yana ihu, “Tarakta! Ina za ka?” Na ga Lonnie ya ɗaga sanda ya taka ƙafa zai kai duka, sai ya hango ni ta gefen ido, idanunsa suka fito waje, ya ƙame da sandar a sama. Ƙwallo ta wuce can saman kansa, mai cafka ya yi tsalle ya kamo ta, ni kuma na yi sufa da ka. Wani abu ya ce ƙas a kafaɗata ta dama. Amma tafin hannuna yana kan farantin, kuma ba wanda ya taɓa ni.

Ina kwance da ƙasa a baki ina jiran filin ya tsage da ihu. Sai na ji shiru.

Alƙalin wasa, Mista Rausch mai kai mana wasiƙu, ya cire abin kare fuskarsa ya ce, “Karkataccen jifa na huɗu ke nan. Lonnie, wuce zango na ɗaya.” Sannan ya sunkuyo ya dube ni. “Tarakta, lafiya? Ai an ba ka gidan. Da takowa ka yi ma ba mai hana ka.”

Mun ci wasa, huɗu da uku. Lonnie ya taka zuwa zango na ɗaya yana ɗaga wa jama'a hannu, 'yan ƙungiya suka ruga suka ɗaga shi sama, mutumin da bai yi komai ba sai tsayuwa. Da suka sauke shi ya zo ya tsuguna kaina.

“Tarakta, ka ga ikon Allah? Rana ɗaya da na ƙi kai duka, ita ce ranar da ka kawo mini kanka. Da yanzu yana cikin masara.”

Marlys ce ta tuƙa ni zuwa asibiti a akori-kurarmu, tafiyar mil ashirin. Littafin wasa yana kan kujera tsakaninmu, fensir a maƙale. Kowane rami muka faɗa sai na ji kafaɗar har cikin haƙorina.

Na ce, “Tsohuwa, me kika rubuta?”

“Abin da ya faru. Jifa huɗu a karkace, an tura ka gida.”

“Amma ai na taso tun kafin ya saki ƙwallon. Kowa ya gani.”

“Doka ta ce ba sata ba ce.”

“Doka ba ta auri kowa ba. Fensir ne fa, Marlys, ga abin gogewa a gindinsa.”

“Gordon.”

Na san da ma ba za ta yi ba. Matar da ta taɓa rubuta wa ƙaninta kuskure uku a wasa ɗaya, ranar da budurwarsa ta zo kallo, ba ni za ta ragawa ba. Haushi ya cika ni, kunya ta fi shi yawa, har na ji ƙwalla, ni da furfurata. Na juya ina kallon masara ta taga. Can dai na kasa haƙuri.

“To ko ba ki rubuta ba, gaya mini gaskiya. Yaya kika ga tashin? Na karanta ƙafar yaron daidai ko?”

“Ban gani ba.”

“Kamar yaya ba ki gani ba? Kina kan teburinki, daidai bayan farantin gida.”

Sai ta sauka gefen titi ta tsayar da mota, ta kashe inji. Ta riƙe sitiyari gam da hannu biyu.

“Na ga ka taso, na ga Lonnie ya ɗaga sanda, sai na rufe ido. Ina jiran in ji ƙarar. Sai da Donna matar Elroy ta girgiza ni ta ce kana motsi. Ita na tambaya abin da ya faru na rubuta.” Ta share hanci da bayan hannu. “Shekara ashirin da biyu ban taɓa tambayar kowa abin da zan sa a littafin nan ba.”

Tun daga fili na shirya maganar da zan yi mata, cewa tunda wannan bai shiga littafi ba, ta bar ni in ƙara kaka ɗaya tak. Har na tsara yadda zan fara. Na dubi hannayen nan nata na haɗiye maganar. Muka zauna a gefen titi har motar madara ta wuce mu, sannan ta tayar da inji.

A asibiti hannun ya ƙi ɗaguwa, sai da almakashi suka yanke rigar wasan daga jikina. Nas ta ɗaga ta tana tambaya ko za mu tafi da ita gida. Marlys ta dube ni. Na ce wa nas ɗin ta bar ta nan.