Askin Baba Sumani

Da na tura ƙofar, Kudus ya riga ya aske rabin kan mahaifinsa. Baba Sumani yana kwance, bututun iska a hanci, idanu a buɗe. Kilifar aski na ta kuka.

"Me kake yi?" na ce.

"Abin da ka gani. Likita ta ce kwana biyu ko uku. In ya cika, ba a taɓa gashin mamaci, liman ya gaya min. In ba yanzu ba, sai yaushe?"

Ƙofarmu na kallon tasu a unguwar Highbridge, nan Amurka, tun ina yaro. Baba Sumani a zangon Kumasi ya tashi. Can ya ji faifan wani Ba'amurke, sarkin kiɗan rok an rol, a shagon mai gyaran rediyo, kuma bai warke daga son mawaƙin ba. Mawaƙin ya mutu tun kafin a haife ni. Baba ya ɗauki kamarsa ya ci gaba. Shekara talatin yana tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Times Square da farar kwat mai ƙyalli, da jita, da saje har muƙamuƙi, da gashin da ya miƙar, ya rina baƙi, ya tayar a goshi. Da kuɗin da masu wucewa ke jefa masa Kudus ya ci, ya yi makaranta. A masallaci kuwa sahun baya Baba yake tsayawa, hula a danne, mutane suna zungurin juna.

Satin da na dawo daga karatu a Minnesota Baba ya tare ni a matakala. "Habibou, kai ka yi boko. In na kwanta, kada ka bari su taɓa min kai." Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi.

"Ya ce kada a taɓa," na gaya wa Kudus.

"Kai za ka yi masa wanka? Alhaji Gafaru ne da mutanen masallaci. Su buɗe shi su ga wannan? Tun ina ƙarami ake ce min ɗan mai karkaɗa ƙugu. Ya isa."

Suweiba, matar Kudus, tana bakin kicin. "Kudus, yana jin ka fa."

"Ya ji mana."

Baba ya ɗaga yatsu biyu daga kan bargo. Ni yake kallo. Wayar kilifar ta bi ta gaban takalmina zuwa bango, ja ɗaya ya isa. Na tsaya ina kallon gashin yana zuba, baƙi a sama, fari a gindi. Kudus ya gama kai ya koma saje.

Ranar Alhamis bayan azahar ya cika. Alhaji Gafaru ya fito daga ɗakin wanka yana share hannu.

"Masha Allah. Bawan Allah ya tuba kafin ya tafi. Kun ga kansa? Tas."

Kudus ya sunkuyar da kai, yana karɓar hannu ɗaya bayan ɗaya. Ni ma na ba shi nawa.

Da muka dawo daga maƙabarta, na tarar Suweiba tana kwashe shimfiɗar gadon. Rigar matashin ta yi tabon baƙin rini a tsakiya, girman tafin hannu. Ta zuba zannuwa a kwandon wanki. Rigar matashin kuwa ta ninke ta huɗu, ta tsaya da ita a hannu.