Ranar da Allurar Mai ta Kwanta

Aikin mijina Ermete a garejin Gaudenzio shi ne gwada sabon agogon mai, wanda aka fara liƙawa a gaban direba. A zuba wa mota fetur kaɗan, ya yi ta tuƙi har ta mutu, idonsa na kan allura ko tana faɗin gaskiya. In ta mutu ya ɗura na galan ya komo.

Ran nan na ce ya rage mini hanya zuwa ƙauyenmu. Muna isa muka tarar da kururuwa: kububuwa ta sari Baba a gonar inabi, ƙafa ta kumbura suntum, likita kuwa sai cikin garin Asti. Maƙwabta suka kinkime shi zuwa kujerar baya, suka sauke duk tarkacen da ke ciki don ya miƙe ƙafa.

Sai da muka yi nisa Ermete ya ce, "Cesira, ina galan?"

Ashe maƙwabta sun haɗa da shi cikin tarkacen da suka sauke. Na dubi allura, ta kwanta a kan sifili. Ga hanya miƙe, ba gida ba mutum.

"Kai da kake cika mana kunne da yabon agogon nan," na ce, "yau dai Allah ya sa maƙaryaci ne."

"Ba ya ƙarya," in ji shi. Namiji ke nan, ko a bakin kabari sai ya kare sana'arsa!

Daga baya Baba ya yi nishi. "Da kun bar ni da alfadarina. Shi in zai tsaya, yakan faɗa."

Daga nan bai sake magana ba, shirun nan kuwa ya fi komai ba ni tsoro. Na riƙe hannunsa, sanyi ƙalau. Ko yaya injin ya yi tari sai in ce shi ke nan. Amma mota ta yi ta tafiya, ta haye gada, ta wuce kasuwa, har ƙofar likita.

Da aka shiga da Baba, Ermete ya zura sanda cikin tanki. Ta fito a jiƙe, kusan tsawon yatsa. Ya dafe kai.

"Marowacin tsohon nan, Gaudenzio! Da ruwa ya saita agogon don kada a taɓa masa fetur. Ai fetur bai kai ruwa nauyi ba, ɗan tulun agogon da ke yawo a samansa sai ya ƙara nutsewa, allura ta ce babu alhali akwai." Ya yi tsaki. "Agogon ya faɗi gwaji."

Ni dai na zube a kan matakala, dariya da kuka a haɗe. Daɗi ya rufe ni, don ta taga ina jiyo muryar Baba tana tashi, yana ce wa likita, "Kai yaro, a hankali mana! Ƙafa ce, ba itacen wuta ba."