Kujerar Tukaram

Shekara uku Tukaram Sawant yana hidimar ƙaramin jirgin saman maigidansa. Da can shi ne babban makaniken masaƙar Seth Kaikhosru Vakil a Bombay, kafin haukan tashi sama ya kama maigidan ya jawo shi bakin teku a Juhu. Abu ɗaya Seth ya yi masa alkawari: ranar da za a fara kai wasiƙu Ahmedabad, kujerar baya tasa ce. Tukaram bai taɓa tashi sama ba, amma ya gaya wa duk unguwarsu. Har ɗamarar kujerar ya ɗinka da hannunsa, daidai ƙugunsa.

Ranar ta zo bayan ruwan kwana biyu. Filin duk taɓo, ga itatuwan kwakwa tsaye a ƙarshensa. Tukaram ya ɗora komai a sikeli: fetur, buhunan wasiƙu, Seth, da shi kansa. Lissafi ya fita da ƙyar. A ƙara laba goma, sai dai a tsinto su a kan kwakwa.

Ana cikin haka motar Pirojbai, mahaifiyar Seth, ta tsaya. Direba ya fara sauke tuluna, manya har uku, cike da mangwaron da aka tsuma cikin mai da barkono.

"Na 'yata Shirin ne, can Ahmedabad," in ji tsohuwar. "Yarinyar nan tana da ciki, ba abin da take iya ci sai wannan."

"Baiji, jirgin ƙasa na tashi yau da yamma," in ji Tukaram.

"A jijjiga mini su kwana guda? Ɗana na da jirgin sama, ƙanwarsa ta jira na ƙasa?"

Tukaram ya dubi Seth. Mutumin da ma'aikata dubu huɗu ke rawar jiki in ya yi tari, sai ga shi ya duƙufa duba farfela, wai ko ta tsage.

"Seth, ka yi magana mana! Jirgi ne, ba amalanke ba."

"Mama, ko ɗaya za a ɗauka..."

"Kaiku!" Sunan yarinta kawai ta kira, ya haɗiye sauran.

Tukaram ya auna tulunan yana ƙwafa. Laba ɗari da goma sha biyar. Wasiƙu ba su raguwa, don su aka yi tafiyar. Fetur kuwa, wanda ya rage shi ya gaji da duniya. Ya sake lissafi sau biyu ko Allah zai sa ya yi kuskure, bai yi ba. Shi kansa laba ɗari da ashirin ne, kuma takaicin da ya fi ci masa rai shi ne ba wanda zai faɗa sai shi.

"Ni zan sauka," ya ce.

Seth ya kasa haɗa ido da shi. "Wani satin, Tukaram."

"To, Seth."

Jirgi ya ruga yana watsa taɓo, ya haye kwakwar da ɗan abin da bai kai kamu biyu ba. Jama'a suka ɗau tafi. Tukaram bai tafa ba.

Pirojbai ta taɓo shi da sandarta. "Ka dai ɗaure mini su da kyau ko?"

"Ba za su motsa ba, Baiji," ya ce. "Da ɗamarata na ɗaure su."