Shekara Uku da Kwana Huɗu

"Sake karantawa," in ji maƙwabcina. "A hankali, kamar kana gaban ɗalibai."

Na gyara tabarau a bakin gadonsa, na sake karanta takardar. Jami'a ta ɗaga shi daga Mataimakin Farfesa zuwa cikakken Farfesa. Matarsa na tsaye da kofin magani a hannu, ta manta wa za ta ba.

Shekara bakwai rubuce-rubucensa na yawo. An tura wa masana uku na wasu jami'o'i su auna. Ɗaya ya yi ritaya, ɗaya ya ɓatar, na ukun ya rasu suna kan teburinsa. Tun da likita ya sallamo shi bai sa masa ranar komawa ba, duk layinmu ya san tsere ake tsakanin takardar da ajali.

Mu dai tuntuni muka ba shi muƙamin kyauta, shi ne ya ƙi karɓa. Mai aski ya ce "Farfesa", sai ya ɗaga yatsa: "Mataimaki." Mai shago, makanike, har surukarsa, babu wanda ya tsira daga yatsan nan. Ko allon ƙofarsa, sai da ya sa kafinta ya bar gurbi kafin sunan.

"Layin ƙarshe fa?" in ji maƙwabcina.

Na karanta. Ƙarin girman ya fara aiki ne tun shekara uku da suka wuce. Haka jami'a take: in ta makara, kalanda take mayarwa baya.

Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake har da tari.

"Wato shekara uku mai aski ne da gaskiya, ni nake gyara masa kuskuren da bai yi ba. Ku kira mini shi."

Mai aski ya zo da tawul a kafaɗa. Maƙwabcina ya ba shi haƙuri dalla-dalla, shi kuwa ya ce zai yi shawara tukuna.

"Amma barka, Farfesa."

Yatsan ya tashi da kansa, ya kai rabi, ya koma kan bargo.

"To, Farfesa, sha maganinka," in ji matarsa. Ya shanye ba gardama, abin da bai taɓa yi ba.

Kwana huɗu ya yi yana Farfesa, ko shekara uku da kwana huɗu in ka bi lissafin jami'a. Ya cika ranar Talata da hantsi.

Kafinta ya riga ya cike gurbin. Masu zuwa gaisuwa sai kauce wa allon suke, don fentin kalmar farko bai gama bushewa ba.