Wayar Malama a Durowar Kekena

"Maman Auta, miƙo min wayata."

Ina tsaye a bakin gadonta da kofin ruwan ɗumi a hannu. Na ce, "Babu caji, Malama."

"Jiya ma babu caji."

"Wutar ce ba sa kawowa."

Ta ɗaga ido ta dubi fankar da ke juyawa a samanmu, ta dawo da idon kaina. Na miƙa mata ruwan. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tawa ko furen ba ta samu ta yi ba.

Wayar tana ɗakina, cikin durowar keken ɗinkina, tsakanin allurai da maɓallai. Yayanta ne ya damƙa min ita ran da aka sallamo ta daga asibiti. Direban babbar mota ne, ba ya kwana biyu a gari ɗaya, kuma shi kaɗai ya rage mata. Ya ja ni bakin famfo ya ce, "Don girman Allah ki ɓoye wannan. Ko ta yi fushi kada ki ba ta. Likita ya ce zuciyar ba ta son tashin hankali, in ta ga abin nan shi ke nan."

Gidan haya muke, bango ɗaya ya raba ɗakina da nata. Mijinta ya rasu tun kafin in tare a gidan, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta mai da Autata 'yar ɗakinta. Kwamfuta take koyarwa a ƙaramar sakandaren da Auta ke zuwa. Makarantar ta hana yara shiga da waya, amma Malama ta yi ta naci a ofishin shugaban makaranta har ya gaji ya ba ta rana ɗaya a mako. Ranar waya suke ce mata. Hujjarta ita ce, yaron da za a bar shi da wuƙa a gida, gara a nuna masa inda kaifin yake.

Doka ɗaya gare ta, kuma duk ajin sun haddace: kafin ka tura, ka faɗa. Duk abin da yaro zai rubuta a kan wani, sai ya miƙe tsaye, ya dubi fuskar mai shi, ya faɗa da bakinsa. In baki ya kasa ɗauka, yatsa ba shi da izini. Ni kaina ban tsira ba. Wata rana wata mata ta ce na ɓata mata yadi, na zauna ina shirya mata saƙo mai zafi, sai Malama ta jawo kujera ta zauna a gabana ta ce, "Ga ni, ni ce matar. Faɗa min." Na fara da ƙarfina, kafin in kai rabi muryata ta yi sanyi. Na ce, "Ke dai Malama kin hana mutum ya ci moriyar fushinsa."

A irin wannan ranar ta waya Malama ta faɗi a aji. Tana rubutu a allo ta juyo, jiri ya ɗebe ta, ta kama tebur, tebur ya bi ta. Ɗankwalinta ya zame, takalmi ɗaya ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kabad. Duk ajin waya na hannunsu, da izininta. Wani ya ɗauke ta a bidiyo, har yau ba a san ko wane ne ba. Aka sa wa abin kiɗa, aka mai da shi gaba da baya, ta faɗi ta tashi, ta faɗi ta tashi, kamar mai rawa. Aka ɗora a shafin da yaran ke taruwa, daga nan ya shiga gari.

Ni a bakin kekena na gan shi. Wata da ta kawo ɗinki ce ta miƙo min wayarta tana ƙyaƙyatawa. "Kin ga wannan? Wai malamar makaranta ce." Na kalla har ƙarshe. Abin da na lura da shi kawai, rigar jikinta ni na ɗinka, kuma duk faɗuwar nan hammatar ba ta ɓalle ba. Na miƙa wa matar wayarta, na ce ta ɗaga hannu in gwada ta.

Da yamma na karɓi wayar Auta na duba. Ga sunanta a ƙarƙashin abin, ba ta rubuta kalma ko ɗaya ba, fuskokin nan ne masu dariya har da hawaye ta jera. Ban dake ta ba, hannuna ya yi min nauyi.

"Kowa ya sa, Umma," ta ce. "In ban sa ba cewa za su yi ni 'yar gidan Malama ce."

"Da 'yar gidan wa ce ke?"

Na miƙa mata wayar.

"Goge."

Ta goge. Tun daga ranar sai ta ajiye kwanon abincin Malama a bakin ƙofa ta yi sallama ta gudu, ita da a da sai na yi ta kira kafin ta fito daga ɗakin.

Shugaban makaranta ya zo dubiya da ledar lemo. Ya zauna minti kaɗan ya ce jiki ya yi kyau, alhali ƙafafunta sun kumbura har ba sa shiga silifa. Da na raka shi tsakar gida ya rage murya ya ce an soke ranar waya, iyaye sun yi ca a kansa. "Kada dai ta ji," ya ce. Na ce to. Kowa ya zo sai ya ba ni ajiyar abin da ba a so ta ji, ni kuwa durowar ɗaya ce gare ni.

Wayar ba ta hutawa. Ban san yadda ake rufe mata baki ba, ina kuma tsoron in kashe yayanta ya kira. Sai ta yi ta ɓari a cikin durowa, allurai suna amsa mata.

Ran da asirina ya tonu, bayan azahar ne, gidan ba kowa sai mu. Auta ta ajiye kwano za ta juya, muryar Malama ta fito daga ciki.

"Auta, shigo. Kira min Ummanki."

Muka shiga. Ta jingina da filo biyu, numfashinta yana fita guntu-guntu.

"Maman Auta, wayata tana durowar kekenki. Tun ran da aka kawo ni nake jin ta tana kaɗa allurai." Ta nuna bangon da haɓa. "Bangon nan tarinki ma ba ya riƙewa. Ran da matar nan ta kunna miki, na ji muryata ina cewa su buɗe littafi, na ji tebur, na ji kiɗa. Shugaba ma na ji shi. Kun ɓoye waya kun manta bango."

"Malama, yayanki ya ce..."

"Yaya yana kan hanya. Ni ce a nan. Jikina ne aka yi wasa da shi, kowa a garin nan ya gani sai ni?"

Na tsaya ina kallon ƙafafunta. Na tuna likita, na tuna fuskar yayanta a bakin famfo. Sannan na je na ɗauko.

Ta sa tabarau ta kalla. Kiɗan ya cika ɗakin. Ina kallon ƙirjinta, ina jira ya tsaya. Ta kalla ta sake kallo, sannan ta cire tabarau.

"Ashe ɗinkinki da ƙarfi," ta ce. "Ko zare bai saki ba."

Babu wanda ya yi dariya. Ta miƙa wa Auta wayar.

"Idona ya gaji. Tashi tsaye ki karanta min abin da suka rubuta. Kin san yadda muke yi. Ki dube ni."

Auta ta miƙe kamar a aji, hannunta ɗaya a baya. Ta fara.

"Takalmin ya fi ta sauri."

"Ci gaba."

"Yau an tashi darasi da wuri."

"Ci gaba."

"A ba ta kyautar rawa." Muryar Auta ta fara shigewa ciki. "Wannan kuma ta ce, ku ji tsoron Allah ku goge, da uwarku ce fa."

"Wace ce?"

Auta ta faɗa mata. Wata yarinya ce da ke zama a bencin baya, kullum cikin gyangyaɗi.

"Mai barcin nan?" Malama ta rufe ido. "Ashe tana ji."

Auta ta ci gaba har Malama ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.

"Ke fa? Ban ji naki ba."

Na kafe Auta da ido. Duk abin da uwa za ta iya faɗa da ido na faɗa mata: ki ce ba ki sa komai ba, an goge, babu mai sani. Ta gan ni sarai. Ta ɗauke kai.

"Na sa, Malama. Na goge."

"Me ya ce kafin ki goge?"

"Ba magana ba ce. Fuskoki ne. Masu dariya."

"To ai dokar ba ta canza ba. Ga ni. Yi min."

"Malama..."

"Ba faɗa nake miki ba, 'yata. Dube ni ki yi dariyar."

Auta ta dube ta. Ta dubi kumburarrun ƙafafun, da kwalaben magani a kan kujera, da gashin da ya fito ta gefen hula duk furfura. Ta buɗe baki. Wani abu ya fito kamar shaƙuwa, ba dariya ba, ba kuka ba. Ta sake gwadawa, wallahi ta sake gwadawa, don yarinya ce mai bin umarni. Fanka na juyawa, Malama tana jira, ba ta taimake ta ba.

"Ta ƙi fitowa?"

"Ta ƙi."

"To." Ta kamo hannun Auta ta zaunar da ita a gefen gado. "In kin je ki gaya musu haka. Kada ki ce na yi fushi. Ki ce kin gwada a gabana ta ƙi fitowa. Buɗe min kwanon nan in ga me Ummanki ta dafa."

Ta ci loma biyu ko uku. Ta ba ni wayar da kanta ta ce in mayar inda take, ta gama da ita.

Ba ranar ta rasu ba, ba kuma washegari ba. Ta ƙara kwanaki, Auta na wuni a ɗakin tana matsa mata ƙafa. Wata safiya na shiga da ruwan ɗumi na tarar da ita kwance a gefenta na dama, hannu a ƙarƙashin kunci. Na kira ta. Na taɓa ta. Na ajiye kofin a kan kujera a hankali don kada ya zube, na kashe fankar, na fita na gaya wa mutanen gida. Sun yi ta salati suna kuka. Ni idona ƙamas, har kunya ta kama ni.

Yayanta ya iso bayan an kai ta. Ya zauna a bakin ƙofarta da ƙurar hanya a ƙafarsa. Da mutane suka ragu ya kira ni gefe.

"Maman Auta, ba ta dai gani ba ko?"

Amsar da zai so tana bakina, gajeriya ce, ba ta da nauyi. Na dubi fuskarsa.

"Ta gani. Ni na ba ta."

Ya rage murya.

"Shi ne ya..."

"Ban sani ba. Allah ne ya sani."

"Ta yi kuka?"

"A'a. Cewa ta yi ɗinkina da ƙarfi."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Na kawo masa wayar, ya ja baya kamar na miƙo masa garwashi. Ya ce in riƙe tukuna, in ya dawo zai karɓa. Bai ce ya yafe min ba, ban kuma tambaya ba.

Da labari ya kai makaranta wayar ta ƙara haukacewa. Auta ta leƙa ta ce, "Umma, su ne. Yanzu masu kuka suke turowa." Sunayen nan dai, a jere, kowa da fuskokinsa masu zubar da hawaye. Na tambaye ta ko ta isar da saƙon Malama. Ta ce ta miƙe a gaban aji ta faɗa, wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun ce wa'azi take. Na ce ita me ta tura. Ta ce ba ta tura komai ba.

Ranar da Auta ta koma makaranta bayan rasuwar ta dawo da abu a leda. Ashe ta shiga ƙarƙashin kabad ɗin ajin ta ciro takalmin Malama, duk yanar gizo-gizo. Ta wanke shi a bakin famfo, ta kai bakin ƙofar Malama inda ɗayan yake tun ran da aka dawo da ita daga asibiti, ta jera su, kawunansu na duban ɗakin. Ƙofar da kwaɗo.

Ina da ɗinkin da zan bayar da yamma. Na zauna na zura zare, na ɗora ƙafa a kan keke. Kafin in taka, durowar ta yi ɓari, allurai suka amsa. Na jira suka yi shiru.