Garin da Nonona Ya Maƙale

Jiya na yi mafarkin nan, ba ma da dare ba, da rana tsaka, bayan Gwaggo Tabawa ta gama gasa ni da ruwan wankan jego. Kwanaki kaɗan ke nan da haihuwata, haihuwar fari, amma nono ya ƙi zuwa. Kunun kanwa kuwa na sha har na fara jin kanwa a numfashina. Jaririn ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ni kuma ina gefen gado na ba shi baya, don a gidanmu mace ba ta rawar jiki a kan ɗan fari, balle wanda aka yi wa huɗuba da sunan surukinta. Sai an miƙo mini shi nake karɓa, ina kallon bango. Da safen nan Gwaggo ta yanke magana: in gari ya sake wayewa babu nono, Yaya Balaraba za ta tafi da shi Gumel ta haɗa da nata ta shayar. Na ce to. Amma wallahi a baki kawai na faɗa. Da wannan barci ya sace ni.

Sai ga ni a wani gari zagayayye, ba sama ba ƙasa, ana tafiya cikin ruwa mai kauri kamar koko amma ba a jiƙewa. Igiyoyi ne miƙe ko'ina, 'yan dako na tafiya a kansu. Kowane ɗan dako ƙafafu ne kawai, ba kai ba ciki, ga ƙunshin da ya fi shi girma. Na gaishe su. Ba su da bakin amsawa, sai suka ɗaga mini ƙafa.

Shugabar wurin ƙulla kaya wata zabuwa ce, ta kafa ɗaurin ɗankwali, tana zaune kan tarin faifai.

"Baiwar Allah, wane gari ne wannan?" na tambaye ta.

"Ƙirjinki ne," ta ce. "Ƙwayar halitta ɗaya ce daga ciki. Matsa can, kin taka mana maiƙo."

Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni shi ne na fito ba mayafi.

"Nono kuke ƙullawa?"

"Tun kafin ki haihu. Mu dai mun yi namu. Je ki tambayi na bakin ganuwa."

Sai ga ni a bakin ganuwa. Taushi gare ta kamar tantanin ƙwai, tana numfashi a hankali, kuma babu ƙofa ko ɗaya. Ƙunshin nono ya taru jibgi guda, wasu sun gaji da jira har suna minshari. Ga wani tsoho dogo, a murɗe kamar igiyar guga, ƙafarsa dashe cikin ganuwar, ya naɗe hannuwa yana gyangyaɗi.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, 'yar nan. Ni ne furotin mai kula da nan."

"Furotin? Irin na wake da ƙwai da ake ce mana mu ci a wajen awo?"

"Dangi ne, amma su cin su ake yi. Ni ma'aikaci ne." Ya gyara murya. "In ƙunshi ya iso, na kama igiyarsa na murɗe da tawa, na yi ta ja har fatarsa ta haɗe da ganuwa. Ƙunshin ya zama ganuwa, abin cikinsa ya tsinci kansa a waje. 'Yan'uwana suna wajen yawu, wasu suna wajen hawaye. Na hawayen ma kwanan nan kin hana su hutu, sai dai a ɓoye kike sa su aiki."

Na sunkuyar da kai. Tsohon nan akwai sa ido.

"To Baba, me ya hana ka ja?"

"Ban san na wa ba ne. Kullum muna jin ana ƙwanƙwasawa daga waje. Mu aika sama a tambayo mana wane ne, sai amsa ta dawo wai yaron mutane ne. Mu kuwa ba ma sakar wa yaron mutane kaya."

"Ai kara ce, Baba. Haka ake yi."

"To ku yi ta yi," ya ce, ya koma gyangyaɗinsa.

Ta cikin ganuwar na hango Yaya Balaraba a waje, zaune kan wata motar haya mai ƙafafun jimina, tana kakkaɓe zanen goyo. Kukan jaririn ya ratso, siriri ƙwarai, da ƙyar ya motsa ruwan. Na waiga, sai ga matan gidanmu da na gidan mijina duk sun jeru kan igiyoyi kamar tsuntsaye, sun zubo mini ido. Zabuwar nan ta leƙo daga nesa ta ce in ba a so, su za su kwance kayansu su mayar.

"Na mai sunan Malam ne," na ce a hankali.

"Ba mu san shi ba," in ji tsohon, ido rufe.

"Na baƙon Gwaggo ne."

"To Gwaggo ta ba shi nata."

Motar ta ɗaga ƙafa ɗaya za ta tashi. Kukan ya tsaya cak. Tsoron da na ji a wannan shirun ban taɓa jin irinsa ba, ko a naƙuda.

"Shu'aibu ne!" na ƙwalla. "Ɗana ne, ni na haife shi! Ku ba shi!"

Matan suka riƙe baki, suka faɗo daga igiyoyin, suka yi sama ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya miƙe, ya tofa yawu a tafin hannu, ya cafki igiyar ƙunshin farko ya murɗa. Ganuwar ta haɗiye shi. Sai na biyu, sai na bayansa, har garin duka ya shiga rawa, wani ɗumi yana bi ta ƙarƙashin ƙafafuna yana fita.

Ƙarar kankarar tukunya ce ta tashe ni. Gwaggo ce a bakin ƙofa take kankare ƙanzon kunu. Ɗakin cike da 'yan barka, jaririn yana hannun Yaya Balaraba, gaban rigata kuwa ya jiƙe sharkaf.

"Yaya," na ce, "miƙo mini ɗana."



"Ke Hansatu! A gaban mutane?" in ji Gwaggo. Sai idonta ya sauka kan rigata. Ta saki cokalin. "Alhamdu lillahi. Ba ta, Balaraba, ba marar kunyar nan abinta."

Ya kama, na ji haɗiyarsa ta farko har cikin raina. Na sauke ajiyar zuciya, na zauna ina kallon fuskarsa son raina, kowa na gani. Ashe hancina ya kwaso.